Waɗanda Ke Tsaye a Gefen Sikeli

A shekarar 1888 wani Bature mai suna Wallis Budge ya sayi wata doguwar takardar fafirus a Luksor, ya kai ta Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan. Tsawonta ya kai kusan mita 24, har sai da aka yanka ta gida 37 kafin a iya adana ta. Takardar ta wani magatakarda ce mai suna Ani, wanda ya rayu a birnin Tibis wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da ita aka binne shi don ta yi masa jagora a lahira. A cikinta ne ake samun zanen nan da ya zaga duniya, na ranar awon zuciya.

Ani da matarsa Tutu sun shigo ta hagu cikin fararen tufafi, sun sunkuyar da kai. Sikeli na tsakiya. Zuciyar Ani tana faranti ɗaya, a ɗayan kuma gashin jimina ne ƙwaya ɗaya tak, alamar Ma'at, wato gaskiya da daidaiton da duniya ke tafiya a kai. Anubis mai kan dila ya durƙusa yana duba igiyar awo, Tot mai kan jinjimi yana tsaye da alƙalami. Waɗannan biyun, tare da Osiris, sarkin lahira, da ke jiran sakamako, duk wanda ya taɓa buɗe littafi kan Masar ya san su.

Amma mai kallo ya ɗan matso da ido kusa da farantin zuciyar. Akwai wani namiji a tsaye, babu kan dabba, babu wani ado a jikinsa. Shai ke nan, ƙaddara, mai rabon kwanakin mutum. Bayansa mata biyu: Meskenet, ungozomar da ke karɓar jariri, da Renenutet, mai shayarwa da albarkar gona. Sama da kan Shai kuwa an zana wani ɗan tubali baƙi mai kan mace. Matan Masar a kan tubali suke durƙusawa idan naƙuda ta zo, kuma wannan tubalin shi ne wanda aka haifi Ani a kansa. An kira shi ya halarci shari'ar. Duk wanda ya ga shigowar mutum duniya, ya san abin da aka ba shi na kwana da arziki, an tsayar da shi a gefen sikeli ya ga yadda aka yi da amanar. Da wuya a sami wani tunani a addinin Misirawan dā da ya fi wannan taɓa zuciya, kuma ƙananan allolin da sunansu bai yi nisa ba ne ke ɗauke da shi.

Can ƙarshen dama, bayan Tot, wata halitta na zaune ta ɗaga kai: kan kada, ƙirjin zaki, ƙugun dorina. Amit ce, mai haɗiye matattu. Ba a gina mata haikali ba, ba ta da firistoci, babu mai kai mata hadaya. Idan zuciya ta rinjayi gashin jimina ita ake miƙa wa, daga nan mutum ya shafe ke nan, babu suna, babu inuwa. Misirawa sun kira wannan mutuwa ta biyu, kuma sun fi tsoronta a kan ta farko nesa ba kusa ba.

Manyan alloli na fada ne da manyan haikalai. Wanda yake son sanin abin da ke hana Bamisire barci idan ya tuna kabari, gara ya bi ta kan ƙananan. Suna da yawa ƙwarai. A ɗakin shiga kabarin Fir'auna Tutmos na Uku kaɗai, wanda aka gano a 1898, an jera sunayen alloli 741 na duniyar ƙarƙashin ƙasa. Kowannensu na tsaye ne a kan wata buƙata ko wani tsoro, kuma idan aka bi su a hankali za a ga suna jan igiya ɗaya ta ɓangarori biyu. Tambayar da suka bari a buɗe ita ce: me ke tsirar da mutum bayan mutuwa, abin da ya sani ko abin da ya aikata?

Tun daga wankan gawa suke fara aiki. Kwana 70 ake ɗauka ana shirya gawar mai hali, ana busar da ita da kanwar da ake haƙowa a Wadi Natrun, irin dai kanwar da ake jefawa a miyar kuka. Kayan ciki ana fitar da su a zuba a tuluna huɗu, kowane tulu da mai gadinsa cikin 'ya'yan Horus: Imseti mai kan mutum yana riƙe da hanta, Hapi mai kan gwaggon biri da huhu, Duwamutef mai kan dila da tumbi, Kebesenuf mai kan shaho da hanji. Ƙwaƙwalwa zubar da ita ake yi. Zuciya kuwa a bar ta a ƙirji, domin a wurinsu ita ce mazaunin hankali, kuma ita za a nema a gaban sikeli. Likkafanin ma yana da uwargijiyarsa, Tayet masaƙiya. A tsohon labarin Sinuhe, bafaden da ya gudu ya tsufa a ƙasar Sham, cikin abubuwan da sarki ya kwaɗaita masa don ya dawo gida har da cewa za a naɗe shi da zanen da ya fito daga hannunta, maimakon baƙi su ƙunshe shi a fatar rago.

Su kansu masu gadin tulunan suna da masu gadi. Lokacin da Howard Carter ya buɗe kabarin Tutankamun, wanda ya gano a 1922, ya tarar da akwatin kayan cikin sarki kewaye da mata huɗu na itace da aka shafe da zinariya, sun buɗe hannuwa kamar uwa ta tare yaro daga wuta, kowacce ta karkatar da kai gefe tana sa ido. Ɗayarsu tana ɗauke da kunama a ka. Serket ce, kuma cikakken sunanta na nufin mai sa maƙogwaro ya shaƙi iska. Mutanen da suka ga yadda harbin kunamar sahara ke shaƙe numfashin yaro sun miƙa numfashin mamaci a hannun mai kunamar kanta.

Sai ƙishirwa. Galibi a yammacin Nilu ake binne matattu, inda gona ta ƙare rairayi ya fara, don haka ba abin mamaki ba ne da lahirar Misirawa ta cika da masu ba da ruwa. Rubuce-rubucen da aka sassaƙa a cikin dalolin Sakkara, waɗanda suka fara daga dalar sarki Unas wajen shekara 2350 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ambaci Kebehut, 'yar Anubis, wadda sunanta ya fito daga kalmar ruwan sanyi. Aikinta ta tarbi sarki da tuluna huɗu ta sanyaya masa zuciya. A kabarin Sennejem, wani ma'aikaci da aka tarar da makwancinsa ba a taɓa ba a 1886, an zana wata mace tana fitowa daga cikin itacen ɓaure, da tiren burodi a hannu ɗaya, tana tsiyaya wa shi da matarsa ruwa da ɗayan. Akwai kuma Imentet, wadda ita ce Yamma ɗin kanta, mai yi wa baƙo sannu da zuwa a bakin iyaka.

Da an wuce waɗannan masu tausayin, hanya ta canza fuska.

Akwai ruwa da za a haye, kuma mai fiton ba mai sauƙin kai ba ne. Sunansa Mahaf, mai waiwaye, wani lokaci kuma Herefhaf, wanda fuskarsa ke ƙeyarsa, sunan da ya dace da mai tuƙin da kullum yake duban baya. Jirgin na hannun wani mai suna Aken, shi kuwa kullum barci yake yi, sai an tashe shi. Idan mamaci ya kira, Mahaf sai ya fara kawo uzuri: jirgin a wargaje yake, babu kaza, babu kaza. Dole mamaci ya faɗi sunan asiri na kowane sashe, daga turken ɗaure jirgi zuwa filafili, har a wani wurin a ce ya ƙirga yatsunsa a ji ko ya iya lissafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogi rana na faɗuwa, mai kwale-kwale na ja masa rai, ya san daga inda wannan hoton ya fito. Sarakunan zamanin dala ba su tsaya lallashi ba: a rubutun dala, sarki na yi wa mai fito barazanar cewa idan ya ƙi, zai ɗare fiffiken Tot ya haye abinsa.

Bayan ruwa sai ƙofofi. Babi na 144 na Littafin Matattu (sunan da Bajamushe Lepsius ya laƙaba masa a 1842, su Misirawa littafin fitowa da rana suke ce masa) ya lissafa ƙofofi bakwai, kowacce da mai tsaro, da mai sa ido, da sanƙira. Sunayensu kaɗai sun isa su tayar da tsigar jiki: akwai Mai Cin Tsutsotsi, akwai Mai Fuskar Dorina. A bangon kabarin sarauniya Nefertari an zana irinsu zaune da wuƙaƙe a kan gwiwa. Ba sa tambayar ko mutum ya ciyar da maraya. Suna kawai suke so a faɗa, idan an faɗa daidai su buɗe.

Wani daga cikin irin waɗannan halittun ya yi wata irin sa'a a zamaninmu. Mejed, mai bugu, wanda babi na 17 ya ce yana harbi da ido kuma ba a ganinsa, an zana shi a takardar wata 'yar babban firist kamar mutumin da aka lulluɓe da zane daga kai har gwiwa, idanu biyu da ƙafafu kawai ke waje. Da aka kai takardar baje koli a Japan a 2012, sai matasan ƙasar suka ɗauke shi suka mayar da shi ɗan wasan zane-zane da 'yar tsana. Ga mai takardar, wadda ta mutu kusan shekara dubu uku da suka wuce, abin tsoro ne da take neman tsari daga gare shi.

Mafi zurfin wurin na Sokar ne, mai kan shaho, ubangidan maƙabartar Mamfis. Littafin Amduwat, wanda ya raba dare sa'a goma sha biyu yana bin tafiyar rana a ƙarƙashin ƙasa, ya ba shi sa'a ta huɗu da ta biyar. A nan kogi ke ƙafewa. Jirgin Ra, ubangijin rana a wurinsu, sai ya rikiɗa ya zama maciji mai kai biyu yana fesa wuta don a ga hanya, ana jan sa da igiya a kan rairayi ta wasu lunguna masu karkace-karkace. Duhun ya kai inda Ra kansa ba ya ganin mazauna wurin, da murya kawai yake kula da su. Kogon Sokar a rufe yake ruf, tafkin wuta a ƙarƙashinsa. Amma a sama, a duniyar masu rai, bikinsa na watan Koyak biki ne na jama'a: ana jan jirginsa a zagaya ganuwa, mutane na rataye da albasa a wuya.

Duk wannan yana nuna addinin da ilimi ne mabuɗinsa. Sai mamaci ya isa zauren Ma'at, magana ta juya.

A zauren akwai alƙalai 42, adadin da ake dangantawa da lardunan ƙasar. Kowanne da sunansa, da garin da ya fito, da laifin da aka ba shi ya bincika. Mai Faɗin Taku daga Heliyofolis yana tambaya kan aikata ɓarna. Mai Rungumar Wuta daga Keraha, fashi. Mai Haɗiye Inuwa, sata. Mai Farfasa Ƙashi daga Herakiliyofolis, ƙarya. Mai Yawo daga Bubastis, laɓe don jin sirrin mutane. Akwai ma wanda surutu kawai yake bincika. Mamaci zai fuskanci kowanne ya kira sunansa ya ce bai aikata ba. Kafin nan ya riga ya wanke kansa a gaban Osiris daga wasu laifuffukan da ke nuna rayuwar ƙauyen bakin Nilu ƙarara: tauye mudu, taɓa igiyar sikeli, cin iyakar gona, tare ruwa a lokacin ban-ruwa, ƙwace nono daga bakin jariri, ɓata bawa a wurin ubangidansa. Sannan ya ƙara da cewa ya ciyar da mayunwaci, ya shayar da mai ƙishi, ya tufatar da matsiraici, ya haye da wanda ba shi da jirgi. Musulmi ko Kirista da ya karanta wannan jerin zai ji wani abu da ya saba da shi, ko da yake tushen imanin ya sha bamban ƙwarai. Abin girmamawa ne cewa mutanen da suka rayu fiye da shekara dubu uku da suka wuce sun ɗauki zaluntar mai sayen hatsi a matsayin abin da zai iya shafe mutum har abada.

Sai dai ko a wannan zauren ilimi bai saki igiya ba. Da an gama da alƙalai, dogaran ƙofa da sakata da dokin ƙofa kowanne zai ƙi ba da hanya sai an faɗi sunansa, daɓen ƙasa ma ya ce ba za a taka shi ba sai an gaya masa sunan ƙafafun da za su taka. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ɗan dutsen nan kore da ake sassaƙawa da siffar buzuzu a ɗora a ƙirjin gawa. A bayansa ana rubuta babi na 30, inda mamaci ke roƙon zuciyarsa kada ta tashi ta ba da shaida a kansa, kada ta karkatar da sikeli. Mai gaskiya me zai sa ya roƙi shaida ya yi shiru? Ga kuma batun kuɗi. Takarda irin ta Ani sai mai hali, kuma masu sana'ar suna rubuta wasu su ajiye da gurbin suna a buɗe, mai saye ya zo a cike nasa. A dukan takardun da aka samu, sikeli kullum daidai yake tsayawa, Amit kullum da yunwa take kwana.

Misirawa da kansu sun ga wannan ramin. Wata tsohuwar wasiyya da aka rubuta da sunan wani sarki zuwa ga ɗansa Merikare ta gargaɗe shi cewa alƙalan lahira suna ganin dukan rayuwar mutum kamar sa'a guda, kuma ayyukansa za a tara a gefensa tsibi. Can daga baya, a wani labari da aka rubuta a zamanin Rumawa, yarima Setne ya ga jana'iza biyu a Mamfis: ta attajiri da kuka da kayan alfarma, da ta matalauci da aka naɗe a tabarma babu mai rakiya. Ya yi fatan samun rabon attajirin. Ɗansa Si-Osiri ya kama hannunsa ya shiga da shi lahira, ya nuna masa matalaucin tsaye kusa da Osiris sanye da tufafin attajirin, shi kuwa attajirin yana kwance, turken ƙofa na juyawa a cikin idonsa na dama duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe. A wannan labarin ba a tambayi kowa sunan sakata ba.

Wasu kuma ba su ji tsoron ko ɗaya ba. A shekara ta 16 ta mulkin Ramsis na Tara, wani magini mai suna Amenpanufer ya amsa a gaban masu bincike cewa shi da abokansa bakwai sun fasa kabarin sarki Sobekemsaf da matarsa, sun kwashe zinariya, sun cinna wa akwatunan gawar wuta.

Amsar da ta fi kowacce gaskiya ga tambayar nan ta sani ko aiki ta fito ne daga wani ɗan ƙauye da ke bayan tsaunukan Tibis, wanda yau ake kira Deir el-Medina. Nan masu haƙa da zana kaburburan sarakuna suka zauna da iyalansu, a gidaje kusan 70 cikin ganuwa, kusan shekara ɗari huɗu. Su ne suka zana ƙofofin da masu wuƙaƙen da hannunsu, sun san sunayen sarai. Amma wadda suka fi jin tsoro ba ta cikin manyan littattafan. Sama da Kwarin Sarakuna akwai wata ƙololuwar dutse mai siffar dala, kimanin mita 420, wadda Larabawa ke kira al-Ƙurn. A wurin ma'aikatan, dutsen mace ce, gamsheƙa, mai suna Meretseger: mai son shiru. Ta ƙarƙashinta suke bi kullum zuwa aiki. Sun sassaƙa mata ɗakunan bauta a jikin dutse a kan hanyar Kwarin Sarauniyoyi, kuma sun yi imani tana hukunta mai rantsuwar ƙarya da mai ɗauke kayan kabari da dafi ko makanta, abin da duk wanda ya san yadda gamsheƙa ke tofi a ido zai gane.

Ɗaya daga cikinsu, Neferabu, wanda ya yi aiki a zamanin Ramsis na Biyu, ya bar wani allon dutse da ke gidan tarihin Masar na birnin Turin a Italiya. An zana Meretseger a kai da jikin maciji da kawuna uku, na mace da na maciji da na ungulu. A rubutun, Neferabu ya kira kansa jahili marar wayo da bai san fari da baƙi ba. Ya ce ya yi wa Dutsen laifi, ta kuwa koya masa hankali. Ya kwana ya wuni a hannunta, yana zaune a kan tubali kamar mace mai naƙuda, yana kiran iska ba ta zuwa. Ya ja kunnen abokan aikinsa, babba da yaro, cewa akwai zaki a cikin dutsen nan. Sannan ya ce da ya kira ta, sai ta zo masa kamar iska mai daɗi, ta ji ƙansa, ta mantar da shi ciwon. A wani allon nasa da ke Landan ya faɗi laifi ƙarara, wannan karon a gaban Ptah, ɗaya daga cikin manyan alloli: ya yi rantsuwar ƙarya da sunansa, aka sa ya ga duhu da rana tsaka.

Ana cewa kowa ya tuba don wuya ba lada, kuma gaskiya ne ciwo ne ya durƙusar da Neferabu. Duk da haka a duba abin da ya yi. A zauren alƙalai 42 kalma ɗaya ce ke bakin kowa, ban yi ba, kuma an rubuta masa ita tun kafin ya mutu. Shi kuwa wannan ma'aikacin ya sa an sassaƙa cewa ya yi, a kan dutse, da sunansa, ya kafa inda maƙwabtansa da 'ya'yansu za su karanta, a ƙauyen da kowa ya san kowa. Bai nemi sunan asiri ba, bai roƙi zuciyarsa ta rufa masa asiri ba. Tubalin da ya ce ya zauna a kai shi ne dai wanda aka zana a gefen sikelin Ani, sai dai shi tun yana da rai ya koma kansa.

Meretseger ba ta yi nisa da dutsenta ba. Wajen shekara 1070 kafin haihuwar Annabi Isa aka daina binne sarakuna a kwarin, albashin hatsi ya yanke, hare-hare daga sahara suka yi yawa, ma'aikatan suka kwashe iyalansu suka koma cikin ganuwar haikalin Medinet Habu. Da suka tafi, bautarta ta tafi tare da su. Osiris da matarsa Isis sun ci gaba fiye da shekara dubu bayan haka, har Isis ta sami haikali a birnin Rum. Kalmar Yamma ta tsohon harshen, Amenti, ta rayu a bakin Kiristocin Kibɗawa a matsayin sunan mazaunin matattu. Hanyar ƙafar da ma'aikatan ke bi daga ƙauyen zuwa kwarin tana nan har yau, tana ratsa kafaɗar dutsen, kuma a tsakiyarta ana ganin kangon 'yan bukkokin dutse inda suke kwana a ranakun aiki, wasu da sunan mai wurin a sassaƙe a kan mazauninsa.